Nauyin Harafi

A kwanakin baya, sa'ad da wata 'yar buƙata ta kai ni tsohuwar tashar motar garinmu, wadda na daɗe ban taka ba, sai na tarar rumfar masu rubutu da fenti, wadda tun muna yara take jingine da katangar gabas, babu ita babu alamarta, an ta da shagon siminti a gurbinta, a ciki wani saurayi yana zaune gaban kwamfuta, a bayansa kuma wani dogon inji yana ta fitar da faffaɗar leda ɗauke da hoton ɗan takara da sunansa. Haruffan sunan ne suka tsai da ni: manya, baƙaƙe wulik, masu kauri, dogaye, a matse da juna, irin waɗanda a dā mutum kan yi wata da watanni bai sa su a ido ba sai ran da wani babban al'amari ya auku. Da na waiwaya na dubi titi, sai na ga ashe su ne ko'ina, a allon mai sayar da magani, a takardar walimar saukar karatu, a bayan A-daidaita-sahu, har a takardar cigiyar akuya.

Asalin wannan irin harafi Ingila ne, kuma ciniki ne ya haifar da shi. Kafin shekarar 1800 masu zuba haruffa a Turai galibi littafi suke wa hidima, shi kuwa littafi a hannu ake riƙe shi, a natse ake karanta shi, saboda haka ba ya bukatar harafin da ya wuce ƙwayar hatsi da yawa. Amma da masana'antu suka bunƙasa, birane suka cika, masu gwanjo da masu wasan kwaikwayo da masu caca suka shiga gasar manna takardu a bangon Landan, kowa yana son tasa ta riga ta ɗan'uwansa shiga idon mai wucewa, sai buƙata ta taso ta harafin da za a karanta daga ƙetaren titi ba tare da an rage sauri ba. A farkon ƙarni na sha tara ne wani mai zuba haruffa, Robert Thorne, ya shahara da harafi mai ƙiba ƙwarai, a cikin shekarun 1830 kuma maƙeran Landan irin su Figgins da Thorowgood suka fitar da wanda aka yanke wa ƙafafu da ado, aka matse shi, aka miƙar da shi sama. Dalilin matsewar kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa sayen takarda da kuɗinsa: faɗinta ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa don kalmarka ta yi tsawo, saboda haka wanda yake son harafinsa ya yi girma, alhali kalmar ba za ta tsallake gefe ba, ba shi da wata mafita illa ya ƙara tsayi ya rage faɗi.

A Amurka aka warware matsalar nauyi. Harafin dalma, in ya wuce inci ɗaya ko biyu, sai ya yi tsada, ya yi nauyin ɗauka, fuskarsa kuma takan loma yayin da narkakkiyar dalmar take hucewa, har tawada ta ƙi kama tsakiyarsa; shi ya sa wani mutumin New York, Darius Wells, ya ƙago hanyar sassaƙa manyan haruffa daga itace da inji, ya fitar da kundin samfurinsa a 1828. Daga baya Morris Fuller Benton ya zana Franklin Gothic a 1902 da Alternate Gothic a 1903, waɗanda jaridun ƙasar suka daɗe suna ɗora kanun labaransu a kai, har yau kuma jikokinsu ne suka cika kwamfutocinmu, ko da yake mafi yawan masu amfani da su ba su taɓa jin sunan kakan ba.

Mu kuwa ta hanyar jarida da takardun hukuma ya iso mana. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, a shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, a farkon 1966 kuma New Nigerian ta bayyana a Kaduna. A jaridun da na tashi na tarar, girman kanun labari yana tafiya ne da girman labarin, bisa wani mizani da ba a rubuta shi a ko'ina ba amma kowa ya san shi. Labarin farashin gyaɗa yana da nasa matsakaicin harafi, naɗin hakimi ya ɗan ɗara shi, shi kuwa babban harafin nan mai cika faɗin shafi ajiye shi ake yi don rana irin ta 1 ga Oktoba 1960, ko 15 ga Janairu 1966, ko ranar da aka ce yaƙin basasa ya ƙare, ko 13 ga Fabrairu 1976. Matsayinsa a shafi kamar na sanƙira ne a gari, wanda ba ya ɗaga murya sai da izinin fada, in kuwa ya ɗaga, mai daka takan tsai da taɓarya. Na ga dattijon da bai san ko harafi ɗaya na boko ba, wanda da ya hango baƙin da ya rufe rabin shafin farko a hannun mai talla, sai ya yi salati tun kafin a karanta masa, ya ce, «Yaro, zo ka gaya mini wa muka rasa.» A wancan zamani jarida ɗaya takan ishi majalisa guda, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, goma suna saurare, kuma shi mai karatun da girman harafin yake auna inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta.

Wannan tsimi da ake yi da babban harafi, in za a faɗi gaskiya, rabinsa hikima ne, rabinsa kuwa tilas. Na san haka domin ina yaro nakan yi hutun makaranta a wata ƙaramar maɗaba'a ta wani abokin mahaifina, inda aikina shi ne share ƙasa da wanke haruffa da kananzir, kuma har gobe in na ji warin kananzir ya gauraya da na tawada sai in ji kamar ƙarar injin nan mai feda tana tashi a kunnena. Ƙananan haruffa na dalma ne, an gauraya ta da kuza da wani ma'adini don ta yi tauri, suna zube a cikin faffaɗan akwati mai gida-gida, kowane harafi da gidansa. Mai haɗawa yakan tsaya da ɗan ma'aunin ƙarfe a hannun hagu, yana tsinto su ɗaya ɗaya da dama ba tare da ya duba ba, yana jera su a juye, kai a ƙasa, yana karanta su a hakan cikin sauƙin da kai kake karanta wasiƙa. Manyan kuwa na itace ne, sun sha tawada shekara da shekaru har sun yi sheƙi, suna cikin aljihun teburin da Maigida ne kaɗai yake riƙe da mabuɗinsa. Su kuma ƙidayayyu ne. Wanda ya shirya su a Ingila da Ingilishi ya auna adadinsu, saboda haka ya cika akwatin da E, harafin da ya fi kowane yawa a harshensu, ya tsakura A, alhali kuwa Hausa ba ta iya taku uku ba tare da A ba. Sau da yawa za a jera kanun sanarwa a kai tsakiya sai A ta ƙare, ga E kuwa jibge ba mai nema. Nan Maigida zai zare tabarau, ya dubi mai aikin, ya ce, «Malam, ko dai mu rage maganar, ko mu rage harafin, zaɓi ɗaya.» Galibi maganar ake ragewa, kuma galibi ta fi kyau bayan an rage ta. Wani lokaci kuma a juya V a sa mata ɗan guntun ƙarfe a tsakiya ta tsaya a madadin A, dabarar da masu idon sana'a kaɗai suke ganewa.

Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, Ɓ da Ɗ da Ƙ, waɗanda aka tsai da su a rubutun boko a cikin shekarun 1930, a zamanin Dokta Rupert East, bayan an daɗe ana fama da ɗigo a ƙarƙashi ko waƙafi a gefe. Manyan maɗaba'u sun samu an zuba musu su don cikin littafi, amma a akwatin itace na ƙaramar maɗaba'a irin tamu babu su, domin wanda ya sassaƙa shi bai san da mu ba. Maigida yana da wata 'yar wuƙa da yake fere guntun katako da ita, ya fitar da lanƙwasar, ya manna ta a kafaɗar K da danƙo, ya goge da yatsa har tsayinsu ya daidaita. In kuwa aiki na gaggawa ne, sai a buga da K ɗin haka nan, a bar wa mai karatu ya gane daga ma'ana ko ƙasa ake nufi ko kasa.

Ina ganin abin da ya sa idonmu ya karɓi wannan harafi ba da wata gardama ba shi ne, tun kafin zuwansa mun saba da rubutu mai kauri. Duk wanda ya yi karatun allo ya san hannun alarammomin Kano: alƙalamin gamba mai faffaɗan baki, tawada baƙa ƙirin, harafi cikakke wanda almajiri zai iya bi da dare a hasken wutar kara, wasulla kuma da ja don su fita daban. Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta da hannunsa, wanda aka yi ta bugawa ana kaiwa garuruwa, shaida ne ga wannan. Sai dai akwai bambanci a tsakani. Kaurin rubutun alaramma iri ɗaya ne daga farkon shafi zuwa ƙarshensa, manufarsa sauƙaƙa tilawa da kiyaye mai karatu daga kuskure, in kuma layi ya rage masa fili sai ya ja harafi a kwance ya cike. Na bature kuwa an yi shi ne don ya fifita kalma ɗaya a kan sauran, kuma sama yake miƙewa. Masu rubutu da fenti na tasha, waɗanda da yawansu daga makarantar allo suka fito, su ne suka haɗa hannun biyu. Na sha tsayawa ina kallon ɗayansu a gaban mota mai bodin katako: zai shafa wa zare alli, yaronsa ya riƙe ɗaya bakin, ya ja ya saki, layi biyu su fito sama da ƙasa, sa'an nan ya ƙirga haruffan «Haƙuri maganin duniya» da yatsa, ya auna allon goshin motar da taƙi, ya san a ransa nawa zai ba kowanne. Ba ya matse su daidai wa daida. I ba ta cin fili, M tana ci, cikin O yana bukatar numfashi, saboda haka yakan miƙar da gefunanta ya bar lanƙwasa sama da ƙasa kaɗai, ginshiƙan kuwa duk kaurinsu ɗaya, faɗin bakin buroshi. Lanƙwasar Ƙ ba ta taɓa ba shi wahala ba, juyi ɗaya ne na wuyan hannu.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. Da farko Letraset ce ta iso, takarda mai sheƙi ɗauke da haruffa, a ɗora ta a kan farar takarda a murza bayanta da bakin biro, harafin ya manne. A cikin nata akwai Compacta, wanda Fred Lambert ya zana a 1963, kuma ita ma A ɗinta ke fara ƙarewa. A 1965 Geoffrey Lee ya zana Impact, maƙerar Stephenson Blake ta Sheffield ta zuba shi da dalma a daidai lokacin da kasuwar dalma take shirin tashi, har ana iya zaton ba zai yi tsawon rai ba. Sai ga shi wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya sa shi cikin haruffan da ke zuwa tare da Windows, ya shiga kowace kwamfuta kyauta, ya riski zamanin da finafinan Hausa na kaset suke tashe a Kano, ana buga fosta da bangon kaset da bangon littattafan soyayya ba adadi, samari kuma suna koyon CorelDRAW a shagunan bakin titi. Daga baya shi ne ya zama harafin hotunan barkwanci na intanet, fari da baƙin gefe, ɗaya layi a sama ɗaya a ƙasa. Harafin da a dā sai da mabuɗin Maigida ake kai gare shi, yanzu yaro ɗan shekara goma yana kiransa da babban yatsa a wayar uwarsa.

Ba zan bi sahun tsofaffin da ke cewa komai na dā ya fi ba, domin na san abin da ke cikin na dā ɗin. Dalma guba ce, masu haɗa haruffa kuwa da hannun da suka yini suna damƙar ta suke ɓare goro, kuma babu wanda ya taɓa yi musu gargaɗi. Katin ɗaurin aure sai ka kai mako biyu kafin rana, in an yi kuskure a sunan amarya kuwa sai haƙuri. Mafi muhimmanci, mizanin nan da nake yabo ba ya hannun talaka: wanda yake da maɗaba'a shi ke yanke hukuncin labarin da ya cancanci babban harafi, manyan maɗaba'un kuwa na hukuma ne ko na masu kusanci da ita, ta yadda rasuwar babban mutum takan cika shafi, yunwar ƙauye guda kuma ta samu layi uku a ciki, in ma ta samu. A zamanin siyasar farko, da yake masu karatun boko ƙalilan ne, alama ce ke magana, fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU, harafi yana biye. Yau kuwa bazawarar da ke sayar da ɗanwake tana iya sa a buga mata allon da ya kai na banki fitowa, a yini ɗaya, da kuɗin da ba zai karya mata jari ba. Iyayen da ɗansu ya ɓata suna iya cika unguwa da hotonsa kafin magariba. Mai raunin gani yana karanta sunan asibiti daga cikin mota. Wanda ya raina waɗannan fa'idodi bai taɓa tsayawa a ƙofar maɗaba'a da 'yan sulallansa an ce masa ya dawo jibi ba.

Amma duk da haka akwai abin da ya salwanta, kuma ba ƙarami ba ne. Da yake babban harafi ba ya cin kuɗi yanzu, ba ya ƙarewa, ba ya bukatar izinin kowa, sai ya daina nuna komai game da nauyin abin da yake ɗauke da shi. A wayoyinmu rasuwar sarki da saɓanin 'yan fim biyu da tallar maganin basir duk da harafi ɗaya suke zuwa, ja ko rawaya, ƙarƙashin «Da ɗumi-ɗuminsa», har ido ya gaji ya koyi tsallakewa, ran da babban al'amarin ya zo kuwa babu sauran harafin da aka ajiye masa. Dattijon nan na majalisa, da zai dawo, da ya yini yana salati a banza. Takardar gayyata ɗaya za ka ga sunan ango da na amarya da na uban taro da na babban baƙo mai jawabi da na mai masaukin baƙi duk an kumbura su daidai, domin kowanne zai ji haushi in nasa ya fi ƙanƙanta, ƙarshenta ranar da wurin taron, waɗanda su ne dalilin takardar, sai an neme su da tabarau. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuma tilas ɗin nan da ke sa a rage magana ta kau, saboda haka ba a ragewa: in suna ya yi tsawo, sai saurayin ya kama gefensa da linzamin kwamfuta ya tura ciki har ya shiga. Illar wannan a fili take ga mai lura, domin turawar tana sirantar da ginshiƙan tsaye ta bar na kwance da kaurinsu, sai E ta fito da siririn baya da kumburarrun hannuwa, O ta zama kamar an taka ta. Harafi matsattse na ainihi sabon zane ne tun daga tushe, an auna kowane ginshiƙi da kowane fili na ciki, abin da Benton ya yi da alƙalaminsa, mai fentin tasha kuma ya yi da idonsa. Ban ɗora wa samarin laifi ba, domin babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu, kuma a cikinsu na ga waɗanda suka gano wannan da kansu, aikinsu yana da tsabta ƙwarai.

Abin mamaki shi ne, matsalar da Maigida yake magancewa da wuƙa da danƙo ita ce ta tsallake duk waɗannan sauye-sauye ta iso yau da ranta. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da haruffan da za su ɗauki harsunan Nijeriya gaba ɗaya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Daga baya tsarin Unicode ya ba Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ ta mutanen Nijar lambobinsu, wayoyi suka iya rubuta su, har ma an yi wa ajami harafin kwamfuta mai suna Alkalami bisa hannun marubutan Kano. Amma Impact da yawancin 'yan'uwansa masu kauri ba su da su har yanzu, shi ya sa za ka ga allo mai tsawon gaba biyu, haruffansa duk ƙosassu, sai Ƙ ɗaya siririya a tsakiya wadda kwamfuta ta aro daga wani gida, ko ɗan akwati fanko a gurbinta, ko kuma, abin da ya fi yawa, a jefar da lanƙwasar gaba ɗaya. Aikin kuma ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato, domin lanƙwasar Ɓ da ta Ɗ hagu suke fita, wajen da matsattsen harafi ba shi da fili ko kaɗan, in an yi ta da kauri ta ci maƙwabcinta, in an sirantar da ita ta ɓace daga nesa, sai an rage cikin harafin kaɗan an ba ta wuri, an kuma gwada ta kusa da A da kusa da U a ga yadda take zama. Kayan yin wannan zane yanzu kyauta ake samunsu a intanet, kuma ba sa bukatar dalma ko maƙera, sai mutumin da ya san Hausa, ya san harafi, yake kuma da haƙurin zama a kan haruffa huɗu har wata guda.